Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ɗaya ko Sifili

A makon jiya mun tsaya a inda saƙon sakina ya iso ni ta waya, ina zangon karatu na biyu a Amurka, ga Ummi 'yar shekara uku a hannuna.

Ko idda ban gama ba Farfesar da ke duba aikina ta ce tana neman mai taya ta tace alƙaluma. Awa 20 a mako, iyakar abin da bizar ɗalibi ta yarje mini. Ban ma tambayi kan aikin ba na amsa, don kuɗin haya na jirana. Sai da na buɗe kwamfuta na ga a kan mata ne masu rainon 'ya'ya su kaɗai, ba miji a gida. Na yi murmushin da ya fi kuka ciwo. Da na so in kira su zawarawa, amma kalmar ba ta ɗauke su duka ba, don da yawansu ba su taɓa aure ba.

Tun 1935 gwamnatin Amurka ke ba irin waɗannan iyaye tallafi, shirin da daga baya aka sani da AFDC. Aibinsa shi ne, in mace ta kama aiki, kusan duk dalar da ta samo sai a zabge mata dala a tallafin. To wa zai yi wahalar banza? A Agustan 1996 Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ta rushe shi aka kawo sabon shirin tallafi, TANF: sai kin yi aiki, kuma kuɗin tarayya shekara 5 kacal za ki ci a duk rayuwarki. Iyalan da ke karɓa sun kai miliyan 5 a 1994; zuwa 2000 an rage fiye da rabi, mata kuwa suka yi ta fita aiki.

Abin da ya fitar da su shi ne masana ke ta ja-in-ja a kai. Akwai EITC, kuɗin da hukumar haraji ke ƙara wa mai ƙaramin albashi, wanda aka faro a 1975 aka faɗaɗa sosai a 1993. Bruce Meyer da Dan Rosenbaum suka ce shi da sauye-sauyen haraji ne silar fiye da kashi 60 cikin 100 na ƙaruwar aikin matan nan daga 1984 zuwa 1996. A 2019 Henrik Kleven ya ce sam, sauyin dokar tallafi ne da bunƙasar arzikin shekarun. Ni dai ba TANF ba EITC, baƙuwa ce.

Aikina yana kan layi guda na alƙaluman. Hukumar ƙidaya tana tambayar gidaje wajen 60,000 duk wata, wadda ta yi aikin kuɗi ko da awa ɗaya ce a makon sai a rubuta 1, wadda ba ta yi ba 0. Dubban mata na shigar haka, ɗaya, sifili, ɗaya.

Wata Talata aka kira ni daga gidan raino, jikin Ummi ya yi zafi, kuma ba za a karɓe ta ba sai ta yi awa 24 ba zazzaɓi. Kwana uku muka yi a ɗaki. Tana kwance a cinyata ina danna kwamfuta da hannu ɗaya, tana cewa, "Mami, rufe abin nan." Kuɗin raino kuwa na biya cif, har na kwanakin da ba ta je ba. A makon nan awa biyar na yi. A alƙaluman da ke gabana, ni 1 ce, cikin waɗanda suka dace.

Da na koma ban iya yin shiru ba. Na ce, "Farfesa, ina layin da ke nuna wanda ya riƙe yaron?"

Ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce babu shi a nan, amma in nemi aikin Kathryn Edin da Laura Lein na 1997. Su ba su tsaya ga 1 da 0 ba. Gida-gida suka bi mata 379 a birane huɗu, har da Boston da Shikago, suna lissafa kuɗin shiga da na fita. Suka tarar masu ƙaramin aiki sun fi masu tallafi samun kuɗi, amma in an cire raino, mota da kayan sawa, sau da yawa sun fi su shiga matsi. Daren nan a zaune na kwana ina karantawa.

Washegari na kai mata shafi biyu na abin da nake so in bincika. Ta karanta har ƙarshe, ta ajiye, ta ce, "Wa zai riƙe miki Ummi in kin fita tambayoyin?"

Amsar da na ba ta ce ta haɗa ni da maƙwabciyata ta bene na uku, wadda na yi wata takwas ina gudun gaisawa da ita. Mu haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.