Mita ɗaya, iyalai biyar: kuɗin wuta da haɗarin gobara a gidajen hayarmu

Da zarar zafi ya kankama a Makka da Jidda, daga watan Mayu har ƙarshen Satumba, da wuya a tashi daga majalisar Hausawa ba a taɓo zancen fatura ba, wato takardar kuɗin wutar lantarki. Kowa na kukan ta yi yawa, kuma sau tari ita ce ke haddasa saɓani tsakanin maƙwabtan da suka haɗa mita ɗaya. Abin da ke damuna shi ne muna tsayawa a kan kuɗin, muna mance cewa nauyin da ya kumbura faturar shi ne yake gasa wayoyin da ke cikin bangon ɗakunan da 'ya'yanmu ke kwana.

Tun daga Janairun 2018, gidan zama a Saudiyya yana biyan halala 18 (halala ɗari ne riyal ɗaya) a kan kowane yunit, matuƙar bai wuce yunit 6,000 a wata ba, duk abin da ya haura haka kuwa halala 30 ne. A kan wannan ake ɗora harajin kashi 15 cikin ɗari da ya fara aiki a Yulin 2020. Iyali guda da wuya su kai 6,000. Amma a tsofaffin gidaje irin na unguwannin Hindawiyya da Misfala a Makka, inda aka yanyanka gida ɗaya aka zuba iyalai huɗu ko biyar alhali mitar tana nan ɗaya tilo, ƙetare wannan iyaka ba ya da wuya. Idan gida ya sha yunit 8,000 a mita ɗaya, kuɗinsa da haraji riyal 1,932 ne. Da an raba wannan wutar a mita biyu, kowace 4,000, da riyal 1,656 za a biya, ban da ɗan kuɗin hidimar mita. Talakan da ya raɓa da wasu don neman sauƙi shi ne ke sayen wuta a farashi mafi tsada.

Mafi yawan wannan wuta mukayyif ne ke shanye ta, na'urar sanyaya ɗaki. Tsohon mukayyif na taga, mai ƙarfin sanyaya ɗaki tan ɗaya da rabi, yana jan kusan kilowat biyu idan injinsa na aiki. In ya yi awa 12 a kullum, yunit 720 ke nan a wata, kusan riyal 150 da haraji a ƙaramin farashin nan na halala 18. A lissafa guda goma a gida ɗaya, a haɗa da firji da injin wanki, sai a ga inda 8,000 ta fito. Wanke ragar mukayyif a kai a kai, toshe ramukan da ke gefensa a jikin taga, da barin sa a kan digiri 24 maimakon 18 suna rage lokacin da injin ke aiki, kuma ragin yana bayyana a fatura.

Wayoyin irin waɗannan gidaje an ja su ne a lokacin da gidan na iyali ɗaya ne, da fankoki da mukayyif ɗaya ko biyu. Zafin da waya ke yi ba ya tafiya kai da kai da wutar da ke bi ta cikinta: in wutar ta ninka sau biyu, zafin sau huɗu yake ninkawa. Na ga wata tausila, irin wayar nan mai baki huɗu da ake ja daga soket, a ɗakin wata baiwar Allah mai sana'ar abinci. An cusa mata tukunyar shinkafa da butar dafa ruwa da firji, bakin soket ɗaya ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, robar ta lotsa ta manne da filogin, wayar kuma an bi da ita ƙarƙashin darduma don kada yara su yi tuntuɓe. Da na kai hannu sai na ji ta da ɗumi. Tausila mai kyau, mai fis na amfiya 13, iyakarta kusan wat 3,000 ne, buta kaɗai kuwa tana iya cin 2,000. Mai arha da ba ta da fis ba ta da abin da zai katse ta, sai dai ta narke.

Abin da ya fi wannan ba ni tsoro shi ne yadda ake yi wa bureka, makunnin nan da ke faɗuwa da kansa idan nauyi ya yi yawa. In ta dami mutanen gida da faɗuwa da tsakar rana, sai a kira mai gyara na unguwa, ya cire mai amfiya 20 ya sa mai 40, a ba shi ɗan abin da ya samu, kowa ya yi ta sa masa albarka. Gaskiya ne ba za ta sake faɗuwa ba. Amma ita bureka an sa ta ne daidai da kaurin wayar da take karewa, kuma wayar ba a canja ta ba. Wannan daidai yake da korar mai gadi don ya cika tashin mutane daga barci. Kowane mukayyif yana buƙatar layinsa na kansa tun daga allon rarraba wuta, da waya mai kaurin da ya dace da shi.

Akwai kuma gidajen da har yanzu suke ɗauke da wuta iri biyu, mai ƙarfin volt 127 da mai 220, ko da yake tun 2010 hukuma ta yanke shawarar mayar da ƙasar kan 230. Ban da ƙone kayan da aka jona a soket ɗin da bai dace ba, layin 127 yana buƙatar wutar da ta kusa ninki biyu kafin ya yi aikin da na 220 zai yi, don haka wayarsa ta fi saurin zafi. Na'urar ɗumama ruwan wanka ita ma, idan ba a haɗa mata wayar ƙasa ba, wato wadda ke zubar da yoyon wuta cikin ƙasa, tana iya sakin wuta cikin bututun ruwa, mutum kuma yana tsaye jiƙe, babu takalmi. Bureka mai gano yoyon wuta, mai miliamfiya 30, tana katsewa cikin ƙiftawar ido, kuma kuɗinta bai kai faturar wata ɗaya ta bazara ba.

Na san ɗan haya ba ya son tada maganar gyara, don gudun a ƙara masa kuɗi ko a ce ya tashi. Duk da haka idan masu hayar gida suka haɗa baki, suka je wa mai gida da faturar a hannu da hoton soket ɗin da ya ƙone, suka nemi a raba mita a kuma kawo ƙwararre ya duba allon, maganarsu ta fi ta mutum ɗaya nauyi, shi ma gidansa ake tsare masa. Kafin a kai ga haka, ya kamata kowane baligi a gidan, har da mata da ke wuni a ciki, ya san inda babban makunni yake, kuma kada a tare wurin da kaya ko a sa masa kwaɗo. Idan aka ji warin roba ko aka ga hayaƙi a soket, a kashe babban makunnin tukuna, kada a watsa ruwa, a fitar da yara, sannan a kira lambar gaggawa, 911 ko 998.