Wa Ke Riƙe da Linzami?

Da muka fara darasin dokar ƙwadago, ban ga wani ƙulli a batun direbobin manhaja ba. Mutum ya sa hannu a takarda cewa shi mai cin gashin kansa ne, mota tasa, kuma shi ke zaɓar lokacin fitowa. Haka na rubuta a aikin gida na farko. Malaminmu bai ce komai ba, ya dai ja jan biro a gefe ya tambaye ni wa ke yanke kuɗin tafiya.

Tambayar nan ce ta kai ni ga hukuncin Kotun Ƙolin Birtaniya na ranar 19 ga Fabrairu 2021, a ƙarar da direbobi suka shigar kan Uber, kamfanin da ke haɗa direba da fasinja ta manhajar waya. Alƙalan sun ture abin da takarda ta ce gefe, suka duba yadda aikin ke gudana a zahiri. Kamfani ne ke yanke farashi, direba ba ya da ikon ƙara ko kwabo. Idan ya yawaita ƙin karɓar fasinja, manhaja ta fitar da shi na ɗan lokaci. Taurarin da fasinjoji ke ba shi kuwa, ana iya sallamarsa da su. Har hulɗarsa da fasinja an taƙaita, don kada ya mayar da shi abokin cinikinsa. Wanda aka ɗaure haka, wane gashin kansa yake ci? Kotu ta sanya su a matsayi na tsakiya da dokar Birtaniya ta tanada tsakanin cikakken ma'aikaci da mai cin gashin kansa, mai haƙƙin mafi ƙarancin albashi da hutu mai biya. Abin da ya fi tsaya mini shi ne lissafin lokaci: zaman jiran fasinja da manhaja a kunne ma aiki ne.

Na ɗauka na gama ganewa, sai na ci karo da shari'ar Deliveroo, kamfanin kai abinci ta manhaja. A 2023 wannan kotun dai ta ce masu kai abincin ba za su iya tilasta wa kamfanin zaman ciniki da ƙungiyarsu ba, babban dalili kuwa shi ne an ba su damar tura wani ya yi aikin a madadinsu. Har yau hukuncin bai kwanta mini ba. Mai neman na abincin yau, sau nawa zai ba wani aikinsa?

A Kalifoniya ƙuri'ar jama'a ce ta raba gardama a 2020, aka bar direbobin a matsayin 'yan kwangila. Tarayyar Turai kuma a 2024 ta juya nauyin hujja: idan alamun iko sun bayyana, kamfani ne zai kawo shaida cewa mutumin ba ma'aikacinsa ba ne, an kuma ba ƙasashe zuwa Disamba 2026 su shigar da hakan cikin dokokinsu.

Yanzu duk kwangilar da aka miƙo mini, sakin layin tura wani a madadi nake fara nema.