Ranar da Aka Kwance Mini Tamfol a Gaban Jama'a

Sati 3 ke nan da faruwar abin, amma har yanzu in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Maƙwabcina a nan Sitokholm, babban birnin ƙasar Suwidin, wani dattijo ne, ya ba shekara 70 baya. Yana da ɗan ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska, tsawonsa bai wuce mita 5 ba. Shekara 2 muna gini ɗaya, ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa, ita ma da ka. A watan Oktoba na gan shi yana fama da tsani da bokiti, na ce, "Baba, kawo in taya ka." Ya ce shi ba babana ba ne, in kira shi da sunansa. Har yau bakina ya ƙi. Amma dai ya yarda in bi shi.

Ranar Asabar ce ƙungiyarsu ta masu jiragen ruwa ke fitar da jiragenta daga Tekun Baltik, kafin ruwan ya daskare. Nasa aka jawo bisa tirela. Da na leƙa gindinsa sai na ga gansakuka kore shar, da wasu ƙananan halittu masu ɓawo kamar katantanwa sun manne kam. Ni na kankare su, na bi da soso da tiyo. Akwai wani dandamalin siminti da aka ware don wankin, saboda fentin gindin jirgi yana da guba, ba a so ruwan ya koma teku. Muka kwantar da doguwar sandar da ake ɗaura wa ƙyallen jirgin, muka cire igiyoyi da batir. Ƙyallen da iska ke turawa kuma muka ɗauraye shi da ruwan famfo. Baltik ba shi da gishiri sosai, amma ɗan wanda ke ciki yana jawo laima, ya cinye ɗinki. Yatsuna suka ƙage, ban ce uffan ba. Gaskiya ina jin kaina a lokacin, don na ga wasu tsofaffi suna kallona suna gyaɗa kai.

Sai ya tafi ɗauko wani abu a mota, ya bar ni da tamfol.

Ni kuma na ce yau zan nuna musu ɗan wane ne ni. Na lulluɓe jirgin ruf, gaba da baya, na cusa gefen tamfol ɗin ta ƙarƙashi, na zagaye da igiya har sau uku, na ɗaure tamau. Ko sauro ba zai sami hanya ba. Na koma gefe na riƙe ƙugu ina jiran yabo.

Da ya dawo ya tsaya ya dubi aikin na ɗan lokaci. Bai ce komai ba. Ya durƙusa ya fara kwance ƙullin da na yi, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, mutane wajen goma suna tsaye. Ba wanda ya yi dariya, kuma wallahi da sun yi da ya fi mini sauƙi. Da zagina ya yi ma da na san inda zan sa kaina. Shirun nan shi ne ya fi ci mini rai.

Sai da ya gama ya zagaya bayan jirgin, ya murɗe wani ɗan marfi da ban ma lura da shi ba, ruwa ya fara tsiyaya. Ya fi bokiti guda. A nan ne ya buɗe baki. Ya ce ruwa in ya zama ƙanƙara yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, wannan ɗin da na rufe a ciki ya isa ya tsaga jirgin kafin Maris. Ya ɗaga gaban tirelar don sauran ya gangaro. Sannan ya kafa katako dogo a sama kamar ƙashin bayan jinka, ya ɗora tamfol a kai don dusar ƙanƙara ta riƙa zamewa, ya bar gaba da baya a buɗe iska ta ratsa. In aka toshe ko'ina, in ji shi, gumi ne zai taru, fumfuna ta ci komai. Gaskiyarsa ce. To amma me zai hana ya faɗa mini tun kafin ya tafi mota?

Da dare na kira Inna. Na fara ba ta labari, ta katse ni: "Jirgin ma sai an yi masa ɗaki? Kai fa, kana da abin rufa?" Na ce ina da shi. Ta ce muryata ba ta yi mata ba. Can na ji Baba yana tambaya daga nesa, wai karatun da na je yi ne ya koma wankin kwalekwale? Ƙanwata ta karɓe wayar tana dariya, ta ce yaron Yaya ya fara tafiya, ya faɗi sau biyu ya fasa leɓe. Ban taɓa ɗaukar yaron nan ba, a waya kawai na san shi. Muka yi kusan awa ɗaya, ba wanda ya sake ta da zancen jirgi, ni ma ban faɗi maganar tamfol ba. Wa zan faɗa wa? Inna cewa za ta yi in yi haƙuri, babba ne.

Yanzu kafin ƙarfe 4 na yamma duhu ya rufe gari. Ƙyallen jirgin yana ɗakina, don dattijon ya ce a rumbun ajiyarsa na ƙasa akwai ɓeraye, kuma sai ya bushe ƙarau kafin a naɗe shi. Kwana 4 yana shanye daga kan ƙofa zuwa kujera, ina sunkuyawa in wuce ta ƙarƙashinsa. Jiya muka haɗu a matakala, ya ce a ƙarshen Afrilu za a mayar da jirgin ruwa, ko zan zo? Na ce, "In Allah ya kai mu, Baba." Ya dube ni, ya buɗe baki kamar zai gyara mini, sai ya wuce.