Minti ɗaya da kowane yaro

Aji uku nake koyarwa a wata firamaren gwamnati a Tudun Wada, Zariya. Yara saba'in da 'yan kai, yawancinsu ba sa jin Turanci sai a bakina. Na yi shekaru ina auna su da jarrabawar ƙarshen zango, takarda cike da Turanci, in ba da maki, amma ban san wa ya iya karatu ba. In na karanta layi a allo sai aji ya amsa baki ɗaya, ashe muryar yara biyar ce ke ɗauke da sauran.

Bara na fara kiran su ɗai-ɗai ƙarƙashin dalbejiya lokacin tara, in saita minti ɗaya a waya. Haruffa tukuna, sai gaɓoɓi, sai kalmomi, sai ɗan labari da tambayoyi. Da Hausa nake farawa, sannan Turanci. A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta yarda a fara koyar da yaro da harshensa, to me zai hana a auna shi da shi?

Wata yarinya da na daɗe ina sakawa cikin na baya ta zo tana rawar jiki. Na ce, "Karanta, 'yata, ba duka ba zagi." Ta kai kan kalmar "cat", ta furta c ɗin yadda muke furta ta a "ciki". Da a takarda ne da na soke mata da jan biro. Amma da kunnena na ji ta haɗa harafi da harafi bisa ƙa'idar Hausa, babu kuskure. Karatu ta iya, Turancin ne bai zauna ba. Wani yaro kuwa ya zubo shafin Turanci kamar ruwa, na tambaye shi da Hausa wa ya je kasuwa a labarin, ya yi shiru. Hadda ce. Da na ba shi shafin da bai taɓa gani ba, a layin farko ya tsaya. Waɗannan biyun maki kusan ɗaya suke samu a da, alhali ciwonsu daban, maganinsu daban.

Abokan aikina sun ɗan ja baya da farko, kuma ban ga laifinsu ba. Tun 2017 da gwajin gwamnatin Kaduna ya raba malamai sama da dubu ashirin da aikinsu, kalmar "gwaji" ke tayar mana da hankali. Sai da na nuna musu littafina: ba a kai shi ofis, sunan yaro ne kawai da adadin kalmomin da ya karanta daidai.

Duk bayan mako shida nake maimaitawa, da sabon labari kowane karo. Yana cin kwana huɗu, yana cinye min hutun tara. Yarinyar nan ta fara da kalma tara ta Turanci a minti. A zango na uku ta kai ashirin da huɗu, ta ɗago kai ta ce, "Malama, a ƙara min minti ɗaya, ban ga ƙarshen labarin ba."