Aikin jijiyar ƙafar Baba, wai huda ce kawai

Wata uku kenan da aka yi wa Baba aikin jijiyar ƙafa, sai yanzu na samu natsuwar rubutawa. Ciwon suga ya daɗe da shi, daga baya zuwa masallaci ma sai ya tsaya sau biyu a hanya saboda sha-raɓarsa na ɗaurewa, kuma babban ɗan yatsansa ya fara baƙi. Hoto ya nuna jijiyar da ke kai jini ƙafar ta toshe a cinya.

Likita ya ce hanya biyu ce, ko a yanka a yi wa jinin sabuwar hanya da wata jijiya, ko kuma a huda matsematsi a zura waya, a hura ɗan balan-balan a buɗe wurin a bar 'yar ragar ƙarfe da suke ce wa stent. Muna jin babu yanka kowa ya ce alhamdulillah. Tsakani da Allah mutumin ya lissafo mana haɗarin, mu ne dai kunnenmu ya tsaya a kan "huda ce kawai", na sa hannu ban ma karanta takardar ba.

Aikin ba sabo ba ne fa, tun 1964 wani likita mai suna Charles Dotter ya fara shi a Amurka, a ƙafar wata tsohuwa mai shekara 82 da ta ƙi yarda a yanke mata ita.

To bayan an fito da Baba nas ta ce ya kwanta miƙe awa shida kar ya lanƙwasa ƙafar. Na fita sayo ruwa, na dawo na tarar da shi zaune bakin gado wai zai yi la'asar. Na ce "Baba don Allah ku kwanta, ku yi ta a kwance", amma aikin gama ya gama, kafin magariba wurin hudar ya kumbura kamar ƙwan agwagwa, jini ne ke tsiyaya ta ciki. Sai da likita ya danne wurin da ƙarfinsa kusan rabin awa, Baba na salati ni ina zufa.

Sai kuma ƙoda. Ruwan kalar da ake ɗurawa don jijiyar ta fito a hoto yana wahalar da ƙoda, balle ta mai suga, shi ya sa ma aka tsayar masa da maganin sugansa, metformin, na awa 48. Gwajin ƙodarsa ya hau, kwana uku ina jin tsoron kalmar wankin ƙoda, Allah ya taimaka ya sauko da ƙarin ruwa.

Yanzu rigimarmu maganin tsinka jini ce, asfirin da clopidogrel. Yana asuwaki dasashi na jini, Gwaggo ta ce a daina ba shi, alhali in aka daina jini na iya daskarewa a cikin ragar, ƙafar ta yi sanyi ta tafi a dare ɗaya. Ni ke ajiye kwalin a ɗakina yanzu. Wata mai zuwa za mu koma a sake hoto don wurin kan sake tsukewa, masallaci kuma yana zuwa, sau ɗaya yake tsayawa wajen mai shayi, ya ce wai gaisawa suke.