Laraba: darasin ɗafa-ƙeya a aji biyu

Yau da misalin ƙarfe goma na shiga aji biyu na babbar sakandare da darasin da na kwana ina shiryawa, wato yadda Ingilishi yake ƙera suna daga aikatau da kuma sifa. Da Hausa na buɗe, domin na lura yara sun fi sakin jiki idan aka fara da abin da yake bakinsu. Na rubuta "rubuta" da "marubuci", "buɗe" da "mabuɗi", "gajere" da "gajarta" a allo, na nuna musu cewa mu ma muna liƙa ɗafa-goshi, wato ƙari a farko, ko ɗafa-ƙeya, wato ƙari a ƙarshe, a jikin kalma sai ta koma suna.

Daga nan muka tsallaka Ingilishi. Teach ya ba mu teacher, decide ya ba mu decision, kind ya ba mu kindness, able kuma ability. Da na rubuta govern, governor da government, wani yaro a bencin baya ya ɗaga murya ya ce ai gwamna da gwamnati ke nan, kuma gaskiyarsa, domin daga can muka aro su.

Wata yarinya da ba ta cika magana ba ita ce ta tsayar da ni. Ta ce, "Malam, tunda dark ya zama darkness, me ya hana long ya zama longness?" Na ce mata, "'Yata, hankalinki ya bi hanya, sai dai masu harshen length suka saba faɗa, kamar yadda suke cewa strength, depth da width." Tambayar ta faranta mini rai ƙwarai, don haka na ajiye abin da na tsara na shiga tarihi. Ɗafa-ƙeyar -ness da -th gadon tsohon Ingilishi ne, amma -tion, -ment da -ity galibi ta Faransanci da Latin suka shigo, musamman bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, lokacin da Faransanci ya zama harshen fada da na kotu. Shi ya sa ƙa'ida ɗaya ba ta iya riƙe su duka, kuma a ganina zalunci ne a sa yaro haddar jerin kalmomi ba tare da an faɗa masa wannan dalili ba.

Bayan sallar isha'i na zauna duba littattafansu. Happiness bai ba su wahala ba, kusan kowa ya tuna ya mayar da y zuwa i. Inda aka yi ta tuntuɓe shi ne pronunciation da maintenance, saboda sun bar pronounce da maintain yadda suke suka liƙa musu ƙarshe, alhali cikin kalmar ma yana sauyawa. Laifina ne, domin ban tsaya a kan wannan ba. Na ware littattafai goma sha ɗaya a gefe, gobe da su zan fara, in haɗa da explain da explanation.