Godiya Bayan Kammala Gyaran Tsohon Zauren Unguwarmu

Assalamu alaikum. Alhamdulillah, an kammala gyaran tsohon zauren unguwarmu da ke cikin birnin Kano tun kafin saukar ruwan fari. A madadin kwamitin aikin, muna godiya ga Mai Unguwa da iyayenmu dattawa da suka tsaya kai da fata a kan cewa da ƙasa za a gyara shi, ba da siminti ba.

Gaskiyarsu ta fito da aka kankare bangon gabas, wanda shi ruwan damina ya fi duka. Simintin da aka taɓa shafa masa ya riƙe damshin da ke tasowa daga tushe, ƙasar ciki ta narke, tubali suka yi laushi. Da an bar shi, filastar za ta ɓamɓaro da rabin bangon.

Ga dattawan magina, Allah Ya saka da alheri. Ba gini kawai suka yi ba, sun zaunar da matasa sun koya musu. Birji, wato jar ƙasar gini, ake kwaɓawa da busasshiyar ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar shi ya kwana da kwanaki ana juyawa har ya yi danƙo. Wanda ya yi gaggawa, yaɓensa tsagewa zai yi. A jiƙa bango kafin a ɗora sabuwar ƙasa, kuma kada kaurin shafi ɗaya ya wuce yatsa biyu. Sai ya sha iska sannan a ƙara. Azarar da gara ta ci an zare ta ɗaya bayan ɗaya bayan an tokare rufin, an mayar da ta giginya.

Rufin ne ya fi ba da wuya, domin laso, wato shafen da ke hana ruwa ratsa rufi, ba ya haɗuwa sai da katsi (abin da ke kwantawa a ƙasan rijiyar marina) da gashin jima da ruwan dafara (wani tsiron daji mai yaɗo). Katsi kuwa ya yi wuyar samu tunda rijiyoyin marina da yawa sun daina aiki, har a Ƙofar Mata. Mun gode wa marina da majema da suka tara mana. Haka iyayenmu mata da suka jiƙa makubar ɗorawa ta shafen bango, ga kuma ɗawainiyar abinci.

Malaman da suka kawo ɗalibai, mun gode. Yaran sun ga bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke riƙe rufi, da zanko, wato tsinin da ke saman bango, da idonsu, sun kuma ji daga bakin tsofaffi cewa a nan aka ɗaura auren kakanninsu, a nan aka yi musu karatun allo da zaman makoki.

Roƙo ɗaya: a riƙa share indararo, kada a jibge shara ko a zubar da ruwan wanki a gindin bango. Wanda ya ga tsaga bayan ruwan farko ya sanar da Mai Unguwa a toshe ta tun tana ƙarama.